Rigar Yayana

'Yata ce ta sa min wani shiri a waya, wai in riƙa saurare ina ɗinki. Wata mata ce ke ba da labarin kisan da aka yi shekaru ba a gano mai laifi ba, sai daga baya masu bincike su gwada ɗigon jini ko silin gashi, su je su kamo mutum ya tsufa a gidansa. Turancina na kasuwa ne, amma wannan na gane shi sarai. Duk inda aka zo kamun, sai in tsayar da keken ɗinki in maimaita wurin.

Yayana fatu yake saye a mayankar Agege. Wata safiya aka tsince shi a gefen layin dogo, an soke shi a wuya. Kwana ɗaya kafin nan an ga suna cacar baki da abokin sana'arsa a kan rumfa. Kowa ya gani, babu wanda ya tsaya shaida. Mutumin ya kwana biyu a hannun 'yan sanda ya fito. Yau Alhaji ne, ɗan sahun gaba.

Rigar da Yaya ya rasu a ciki tana ƙasan akwatina. Na ɗauko ta, na hau motar haya ta danfo zuwa wurin wata lauya 'yar unguwarmu.

"An wanke ta?" in ji ta.

"Innarmu ta wanke. Ta ce ba za ta iya kallon jinin ba."

Ta ninke ta miƙo min. "Anti, ki yi haƙuri. Ba na jin za a samu komai."

Ban haƙura ba. Ranar Juma'a da aka sauko masallaci, Alhajin ya biyo ta ƙofar shagona kamar kullum.

"Hajiya, ya aiki?"

"Da godiya, Alhaji. Na kai rigar Yaya gwaji. Ashe yanzu komai daɗewar jini ana gane mai shi. Sun ce jinin mutum biyu ne a jikinta."

Ƙarya na yi. Carbinsa ya faɗi. Sai da ya laluba sau biyu kafin ya iya ɗauka.

Tun ranar bai ƙara bin layinmu ba. Bayan wata guda matarsa ta kawo ɗinki, take ce min ba ya cin abinci, ko ƙofa aka ƙwanƙwasa sai ya zabura. Na gwada ta tsaf, na ce Allah ya ba shi tsawon rai. Da gaske nake roƙon. Ina so ya daɗe yana jiran mai ƙwanƙwasawa.