Goron Sarkin Ruwa Barmo

Aikina rubuta manhaja ne, wato umarnin da ake tsara wa ordinatar, na'ura mai ƙwaƙwalwa, ta bi. Shekara goma sha biyu na yi ina shugabantar wannan sashe a wani kamfanin jigilar kaya a Yamai, kuma manhajar da ke bin sawun kowane buhu, daga magaza, ɗakin ajiyar kaya, zuwa kamyo, motar da ke ɗaukarsa, har hannun mai shi, da yatsun nan nawa na rubuta ta. Wata rana darakta ya kira ni biro, wato ofis, ya ce an yanke shawarar ajiye ta. Za a gina sabuwa mai aiki ta intanet, a kan wayar kowane direba, da kayan aikin da ban taɓa ko buɗewa ba. Har an ɗauko wata matashiya, Fassuma, da ta karanto su a Dakar.

"Nan da wata shida, Lawali," in ji shi, "za mu ga wanda ya dace ya riƙe sashen."

Na fito ina murmushi don kada a gane abin da ke raina. Na zauna a kujerar da ake shirin raba ni da ita, kuma duk malaman da suka koyar da ni babu wanda ya faɗo mini a rai sai Iya Abu, wadda har ta koma ga Allah ba ta taɓa ganin ordinatar ba.

Iya Abu kakata ce, uwar babana. A gabanta muka tashi a Madarumfa, a wani gida da ke dab da tafki, har in damina ta yi albarka ruwa kan leƙo mana danga. Shekarun casa'in ke nan, lokacin da lekwal, makarantar boko, kan buɗe wata biyu ta rufe uku saboda yajin aiki, unguwarmu kuma ba ta san wutar kuran ba. Sana'ar Iya bandar kifi ce. Masunta na fitowa da la'asar sai ta tare su, ta feɗe kifin, ta nannaɗe tarwaɗa wutsiya a baki, ta jera bisa murhu. Kafin a sallame magariba hayaƙi ya kama, mu kuwa jikoki bakwai mun kewaye wutar, idanu na hawaye, babu mai niyyar matsawa. Wanda ya zauna lafiya har ƙarshen tatsuniya yana da kan kifi ɗaya. Wanda ya yi gyangyaɗi, kasonsa na maƙwabcinsa ne.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Sai ta buga muciya a gefen murhu ta ce, "Ga baƙuwa nan tahe, wa ke da wuri?" Mu kuma mu haɗa baki, "Ta shigo, tabarma a shimfiɗe take!" Ni ta fi sa wa ido, don ni ne mai yawan katse ta da tambaya. "Kai ragon miji," takan ce mini, "in ka sake sa mini baki yau, sakina za ka yi kahin lisha."

Tatsuniyar da na fi riƙewa ita ce ta Sarkin Ruwa Barmo.

A wani gari mai tafki, in ji Iya, an yi wani Sarkin Ruwa mai suna Barmo, wanda ya gaji sarautar kaka da kakanni. Da gora da homa yake su, kamar kowa a garin: ya kwanta rub da ciki a kan ƙaton gora, ya zura homa a ruwa, ya ɗago. Al'adarsu kuwa, ranar da za a buɗe su a shekara, Sarkin Ruwa ke fara shiga shi kaɗai, gari duka na tsaye a gaɓa. In ya fito hannu wofi shekara uku a jere, to ruwa ya ƙi shi, sai a kwance masa rawani a naɗa wani.

Sai aka yi wata ambaliya da ta ƙwaƙule gindin tafkin, ya yi zurfin da bai taɓa yi ba. Manyan kifaye suka sauka can ƙasa, inda homa ba ta kaiwa. Shekarar farko Barmo ya fito ba komai. Ta biyu ma haka. Masu gaishe shi da durƙuso suka fara gaishe shi a tsaye.

Ana nan sai ga wani saurayi baƙo daga yamma, Manu, ɗauke da wata irin raga da ba a taɓa gani ba. Birgi sunanta, faffaɗa ce mai dalma a baki. Zai tsaya a jirgi, ya ciji gefenta da haƙori, ya juya ƙugu ya watsa ta, ta buɗe a sama kamar faifai, ta nutse har ƙasa. Kullum sai ya cika kwando, ko da yake ƙananan karfasa ne. Dattawan masunta suka taru wurin Barmo suka ce, "Ranka ya daɗe, ruwa naka ne. Ka kori yaron nan, ka haramta ragarsa, mu huta." Kuma da ya yi hakan babu mai ce masa don me.

A nan Iya kan dakata ta juya kifi, da gangan, har sai mun fara mutsu-mutsu.

"Barmo ya sallame su," in ji ta. "Washegari ranar kasuwa ce. Ya sayi goro ƙwarya guda, ya ɗora a kai, da rawaninshi da komi, ya ratsa tsakiyar kasuwa da rana tsaka. Ya tahi har rumhwar baƙon nan, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ajiye goro. Ya ce, 'Malam, na zo koyon sana'a.'"

Haka kowane ɗan koyo ke yi a ƙasar, amma yara ke yi, ba masu furfura ba, balle mai sarauta. Kafin azahar labari ya gama gari. Mata a bakin rijiya suka ce tsufa ya taɓa shi.

Koyon kuma bai zo da sauƙi ba. Barmo ba shi da haƙoran gaba, to da me zai ciji raga? Ranar farko ta suɓuce, ta naɗe masa ƙafa, ya faɗa ruwa tsundum, rawani na yawo a sama. Idan Iya ta zo nan sai ta kwaikwayi tsohon yana furzar da ruwa, da nata bakin da shi ma ba haƙoran kirki, mu yi ta birgima a ƙasa. Kwana arba'in yana faɗuwa yana tashi, har ya gano wa kansa dabarar rataya gefen ragar a gwiwar hannu maimakon baki.

Ranar buɗe su ta uku ta zo. Wanda ake shirin naɗawa har ya ɗinka sabuwar riga. Barmo ya shiga jirgi da birginsa, amma bai nufi inda Manu ke jifa kullum ba. Ya nufi wani wuri da kowa ke kauce wa, inda wani tsohon gawo ya nutse tun zamanin kakansa. Manu kansa ya yi asarar raga biyu a nan, don rassan kan kama ta su yage. Shi kuwa Barmo ya san kwanciyar icen reshe-reshe, tun yana yaro yake nutso a gindinsa, kuma ya san in rana ta ɗaga manyan kifaye kan fito su jeru ta gefen inuwa. Ya auna taku uku gabas da icen, ya yi bisimilla, ya watsa.

"Da ya ja," in ji Iya, tana tashi tsaye da muciya a hannu, "jirgi ne ya bi raga, ba raga ta bi jirgi ba! Ƙarti huɗu sunka kama mishi. Giwan ruwa ce, tsawonta ya kai na babanku. Guɗa ta tashi, makaɗa sunka ɓarke da kiɗa, mai sabuwar riga ya sulale gida ta bayan gari. Manu ya rugo cikin ruwa har ƙugu yana cewa, 'Baba, ni ma gobe ina nan tahe da nawa goron.'"

Sai ta buga muciya ta ce, "Baƙuwa ta tahi, ku naɗe tabarma." Ni kuwa na kasa haƙuri.

"Iya, bai ji kunya ba da ya durƙusa wa yaro?"

"Ya ji mana! Shi dutse ne? Amma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Karɓi kan kihinka ka ba ni wuri, sarkin tambaya."

Ba zan ɓoye ba, makon farko bayan maganar darakta shawarar dattawan masuntan nan ce ta fi yi mini daɗi. Ni kaɗai na san cikin aikin kamfanin. Da na kama bakina na bar Fassuma ta yi ta gini a kan rashin sani, da sabuwar manhajar ta rushe da kanta, a dawo ana roƙona. Na auna wannan hanya sosai, har na ji kunyar kaina.

Ranar Litinin na biya kasuwa na sayi goro ƙwarya guda, fari da ja. Na shiga biro ana cike, na wuce teburina, na tsaya gaban na Fassuma, na tuɓe takalmi na ajiye goron. Ta miƙe zumbur, ido waje.

"Subhanallahi! Tonton Lawali, lafiya? Ni fa an riga an sa mini rana!"

Dariyar da aka yi a biron nan har masu gadi sai da suka leƙo. Da ta lafa na ce, "Kwantar da hankalinki, ɗiyata, uwargida ta ishe ni. Koyon sana'a na zo. Daga yau ke ce malama."

Na sha wuya, ba ƙarya. Ni da na saba in rubuta abu a ce madalla, sai ga shi duk layin da na rubuta sai ya bi ta hannunta, ya dawo mini da jan gyara. Akwai wata na'urar gwaji da ke duba aikin kowa kafin a karɓa, ta ƙi nawa sau tara a yini ɗaya. Wata rana, garin haɗa aikina da na sauran, na goge abin da mutum uku suka wuni suna yi. Fassuma ta jawo kujera ta nuna mini yadda ake dawo da shi cikin minti biyu, ta ce, "Tonton, wannan kayan aikin ba ya mantuwa, shi ya sa muke son shi." A raina na ce, kai, ashe shekara nawa ina wahalar banza.

A wata na uku na fara fahimtar ginin, kuma a nan na hango ramin da ke gabanmu. An tsara manhajar ne a kan cewa kullum akwai rezo, wato sadarwar waya. Na tara Fassuma da sauran abokan aiki na ce, "Wa ya taɓa bin hanyar Gabi da damina a cikinku?" Babu ko ɗaya. Na gaya musu yadda rezo kan ɗauke a magazar da ke bakin iyaka wuni guda cur, da yadda direba kan sauke rabin kaya a wani ƙauye don hanya ta yanke, ya dawo ya kwashe bayan kwana biyu. Na ce dole wayar ta riƙe komai a cikinta, in rezo ya dawo ta aika. Fassuma ta ce ba a koya musu wannan a Dakar ba. Wannan ɓangaren ni na rubuta shi, da sababbin kayan aikin, ita kuma tana duba mini.

Aka sa ranar gwaji a babbar magazarmu ta Maraɗi, darakta da kansa ya zo. Kamyo takwas sun jeru, 'yan dako sun fara lodi, sai rezo ya ɗauke ɗif. Na ga darakta ya dubi wayarsa, ya dube ni. Mai kula da magaza bai ma san an yi ba, yana ta danna wayarsa da yatsa ɗaya, kamyo na fita ɗaya bayan ɗaya. Sai bayan azahar rezo ya dawo. Muna tsaye a gaban allo muka ga kayan suna shigowa, kamyo bayan kamyo, babu buhu ɗaya da ya ɓata. Fassuma ta daka tsalle ta rangaɗa guɗa a tsakiyar magaza, 'yar Dakar guda! Ni kuwa na juya baya na share ido da hannun riga, don daɗin ya fi ƙarfina.

Darakta bai jira wata shidan sun cika ba. A nan, tsakanin buhunan gero, ya kama hannuna ya ce, "Lawali, sashen naka ne. Fassuma ce mataimakiyarka."

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar Barmo labarin ƙaton kifi ce. Da na fara aiki na ɗauka tana nufin tsoho ya fi yaro sani, kuma wannan fahimtar ta yi mini daɗi shekaru da yawa. Sai yanzu na ga ban ji Iya da kyau ba. Sanin ruwan da Barmo ke da shi yana nan a kansa shekarun nan biyu da ya fito hannu wofi, bai hana a gaishe shi a tsaye ba. Abin da na sani game da hanyar Gabi ma da ya ruɓe a cikina, da ban iya rubuta shi da kayan aikin yau ba. A sana'armu kuwa ambaliyar ba sau ɗaya take zuwa a rayuwar mutum ba, kusan kowace shekara sai ta sake gindin tafkin.

Ko yanzu wata ta taso, wai na'ura ce ke rubuta manhaja da kanta in ka gaya mata abin da kake so. Abokaina da yawa sun ce sun gaji, ba za su sake komawa aji ba. Ni na riga na rubuta sunana. Duk Asabar da safe ina can, na girmi kowa a ajin har da mai koyarwar, kuma a layin gaba nake zama.