Bayahuden Unguwar Marina

Shekarar da ya zo garinmu ina da 'ya'ya biyu da rijiyoyin baban rini uku da na gada wurin mahaifina. Da rani rini muke yi, da damina noma. A lokacin Funtua ƙauye ce, ba ta fi garinmu ba, Maska ce gari, can muke kai turkuɗin da muka rina ranar kasuwa. Babu wanda ya taɓa ganin Bature a cikinmu, saboda haka da ayarin fatake ya tashi daga zango ya bar wani farin mutum kwance a gindin tsamiya yana rawar ɗari, kowa ya ce Balarabe ne.

Ni na ɗauko shi, ba don na fi kowa tausayi ba, zaurena ne dai ya fi kusa da zangon. Mai ɗakina ta yi ta ɗura masa kunu da jiƙe-jiƙe har ya farfaɗo. Liman ya zo duba shi, suka taɓa Larabci, ya fito yana shafa gemu ya ce mana, "Wannan ba Balarabe ba ne. Bayahude ne, cikin mutanen Annabi Musa. Ma'abocin littafi ne, a bar shi ya zauna." Mu a bakin masu tafsiri kawai muka san Yahudawa, ba mu zaci suna da hanci da kunne irin na kowa ba. Kwana uku matan unguwa suna neman dalilin wucewa ta zaurena.

Labarinsa a gutsure-gutsure na tattara shi cikin shekaru. Garinsu yana bakin teku, can bayan Sahara. Yaƙi ya zo, sarkinsu ya tara kowa da kowa, aka ba shi bindiga domin shi maƙeri ne, ya san cikinta. Shekara biyu yana fagen daga. Aka ci garin, aka ƙone unguwarsu, bai ƙara ganin matarsa da 'yarsa ba. Ya fito da harsashi a cinya, shi ya bar masa ɗingishi har ya mutu. Daga nan ya riƙa bin ayari yana gyara musu bindigogi suna ba shi abinci, har zazzaɓi ya kayar da shi a zangonmu.

Ni na koya masa Hausa, kuma Allah ya yafe mini irin koyarwar. Ranar da za a kai shi gaida Mai gari ya roƙe ni in koya masa gaisuwar manya. Mai garinmu na lokacin mutum ne mai tumbi, kuma ba ya son a ambata. Na zaunar da baƙona muka yi ta maimaitawa har ta zauna masa a baki. Muka je, ya durƙusa da ƙafarsa mai ciwo, ya dunƙule hannu, ya ɗaga murya ya ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara wa tumbinka girma!"

Mai gari ya dubi cikinsa, ya dubi baƙon, ya ce, "Wa ya koya maka?"

Bai san abin da ya faɗa ba, sai ya nuna ni yana murmushi, wai yana so a yaba mini. Aka ba shi fili jikin gidana, ni kuma aka ce in rina wa Mai gari rawani uku a kyauta.

Na ɗauka ya manta. Bayan wata takwas haƙori ya kama ni, kumatu ya kumbura kamar na cusa goriba. Ya zo har marina ya ce, "Maƙwabci, muna da addu'ar haƙori a harshenmu, ba ta taɓa kuskure ba." Ya koya mini kalma huɗu, ya ce in tsaya da ƙafa ɗaya da hantsi in faɗa sau bakwai da ƙarfi. Ina kan na biyar Liman ya zo wucewa, ya tsaya, ya karkata kunne, sai kawai ya dafa bango yana dariya har rawaninsa ya zame. Ya ce shi bai iya yaren Yahudawa ba, amma sunan jaki a wurinsu kusan ɗaya ne da na Larabci, kuma abin da ya ji ina shelantawa shi ne ni jaki ne ɗan jaki. Da yamma maƙwabcin nawa ya zo da awartaki ya cire haƙorin.

Ya kafa maƙera, yana ƙera mundayen azurfa da kwaɗo da mabuɗi, yana gyara bindigogin mafarauta. Ya auri wata Bamaguza da mijinta ya mutu, mace doguwa mai faɗa, suka haifi maza biyu. Tarwaɗa ba ya cinta, wai ba ta da ɓawo, nama da nono ba sa haɗuwa a ƙwaryarsa. Amma abin da aka fi saninsa da shi Asabar ce. Daga faɗuwar ranar Juma'a zuga-zuginsa ya yi shiru, ba ya hura wuta, ba ya ɗaukar ko allura, sai ya sa farar riga ya zauna a ƙofar gida yana rera wani abu a hanci yana rangaji. Mai Asabar muke ce masa.

Ni kuwa Asabar ta zame mini ranar nishaɗi. Wata rana ya shanya wake a ƙofar gida ya manta bai kwashe ba, na kwance akuyata na sake ta a kai, na zauna gefensa ina tambayarsa lafiyar iyali. Akuya tana ci, shi yana kallon sama. Can ya ce da ƙarfi, kamar da bango yake magana, "Oh, duniya! Wata dabba tana cin wake, mai ita yana zaune kusa da ni, kuma uwargida tana da muciya a hannu." Ban kai ga miƙewa ba matar ta fito. Akuyar ta sha ɗaya, ni na sha biyu.

Zamanin ba na kwanciyar hankali ba ne. Mahara kan sauko daga arewa da kaka, su kwashe dabbobi da mutane. Shekara ta tara da zuwansa suka zo mana, kuma ranar Asabar ce, da hantsi. Masu girbi suka shigo a guje, ganga ta ɗauka, mata suna ta kwashe yara. Ina waigawa na ga Mai Asabar ya fito cikin farar rigarsa, bindiga a kafaɗa, jakar albarushi a wuya.

Na ce, "Yau fa ranarka ce!"

Ya ce, "Littafinmu bai ce ka zauna a yanka maƙwabcinka ba. Matsa."

Ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba. Bindiga uku ce duk garin, sai 'yan baka. Ya jera su a bayan ganuwa, ya ce kada wanda ya saki kibiya sai dawakai sun iso marina, wadda ke bayan ƙofa kamar taki arba'in. Mai gari kansa bai yi masa musu ba.

Jin an ambaci marina sai na tuna da ƙyallayen mutane da na jiƙa tun jiya. Na ce a raina yanzu zan kwaso in dawo. Na sulale na fita. Ina cikin tsamowa na ji an danno ƙofa an sa sakata, ga ƙura ta taso daga gonaki. Ban yi wani tunanin jarumta ba. Na faɗa cikin rijiyar baba, na jawo murfin ciyawa na rufe kaina, ruwa iya wuya, ina karanta duk abin da na sani har da wanda ban sani ba.

Na ji kofato ya kewaye ni. Wani ya sa bakin mashi ya ɗaga murfin, ina jin ƙyalle yake nema. Tsoro ya sa na nutse, numfashi ya ƙare, na yunƙuro da ƙarfi ina kururuwa, baƙi ƙirin, kumfar baba a ka, idanu kawai ke fari. Mutumin ya yar da mashi ya ce, "Aljani!" Dokinsa ya yi tsaye da ƙafa biyu ya bangaji na bayansa, a daidai nan bindigogin nan uku suka tashi, kibau suka biyo. Dawaki biyu suka zurma cikin rijiyoyi, sauran suka juya. Ba su dawo ba shekarar nan.

Mun rasa mutum biyu da aka cim ma a gona, muka binne su da la'asar. Da muka dawo na tarar da Mai Asabar zaune a bayan maƙera, ya ƙura wa ƙasa ido. Na zauna kusa da shi, ina wari. Can ya ce, "'Yata da na bari a garinmu za ta kai aure yanzu." Ranar bai ci abinci ba.

Washegari Mai gari ya tara jama'a, ya tambaya yadda aka yi na kasance a waje. Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, Mai Asabar ya riga ni. Fuskarsa a ɗaure ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na tura shi. Na duba garin nan kaf ban ga mai zuciyarsa ba. Na ce wa zai shiga rijiya ya jira dawakai shi kaɗai, ya ce shi ne."

Aka yi ta guɗa. Aka sa mini riga, makaɗa suka yi mini kirari, na yi wata guda shuɗi, 'yata ƙarama tana ganina tana kuka. Sai daga baya na gane abin da ya yi mini. Shekara ashirin, duk ranar da aka ga ƙura daga arewa, ko kura ta shiga garke, ko mahaukacin sa ya ƙwace, sai a ce a kira jarumin marina ya fara fita. Ina fita ba don ina so ba, shi kuwa yana bayana yana cewa a hankali, "Sannu, namijin duniya."

Ya tsufa a cikinmu. Maƙeran garin, waɗanda da farko suka ƙi shi, wurinsa suka koyi haɗa albarushi da gyaran bindiga, har daga wajen Kafur ana kawo masa aiki. 'Ya'yansa da suka girma suka musulunta. Bayan kwana biyu ya ƙera wa kowannensu buta. Babban ya koma wajen Malumfashi, ƙaramin Bakori, kuma har yau in ka ga kwaɗo mai kyau a ƙofar rumbu a ƙasar nan, daga hannun zuriyarsa ko almajiransu ya fito.

Da damina ya rasu. Ya riga ya gaya mini abin da yake so: a wanke shi, a naɗe shi cikin farin ƙyalle, a binne shi a gefen gonarsa. Liman, wanda shi ma ya tsufa tukuf, ya ce salla ba za ta yiwu ba, amma bai ga inda aka hana mutum ɗaukar gawar maƙwabcinsa ba. Shi ya fara kama makara. Musulmi da Maguzawa muka raka shi, ana yayyafi.

Bayan kwana bakwai matarsa ta aiko mini da wani ɗan sanduƙin tagulla, ta ce shi ya ce a ba ni, amma bai bar mabuɗi ba. In ka girgiza sai ka ji abu yana ƙara a ciki. Na kai wa maƙeran garin suka kasa. Na ƙi yarda a fasa. Shekara uku ina fama da shi, na sa allura, na sa tsinke, na shafa man shanu, mai ɗakina tana cewa azurfa ce, ni ina cewa laya ce ta mutanensu. Da babban ɗansa ya zo ziyara na miƙa masa, ya juya shi sau biyu, ya danna wani wuri a gindi, murfin ya ɗaga.

Mabuɗin sanduƙin ne a ciki, shi kaɗai, an goge shi yana ƙyalli. Na yi dariya har na shaƙe, ɗan nasa yana bubbuga mini baya, daga nan kuma na kasa tsayar da hawaye, sai da mai ɗakina ta kawo ruwa.