Jar Lamba a Bangon Yaya

Sifiri ake kiransa a unguwa, domin in ya zana sifiri da buroshi, sai ka rantse bakin kofi ya kifa. Shi ke rubuta lambobin shaguna da na motocin haya. Wani tsohon malamin lissafi ne ya koya masa sana'ar, ya kuma gadar masa da surutu. Yana aiki yana ba masu jira labarin yadda mutanen dā suke ƙirga tumaki da tsakuwa, da yadda sifiri ya iso a makare, ya zama autan lambobi.

"Shi ya sa ba ya tsinana komai, kamar kai," in ji yayarsa, wadda ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu.

Wata safiya wani mutum mai hular kwano ya zo da gwangwanin jan fenti, ya ɗauke shi aiki. Mutumin zai nuna gida ya faɗi lamba, shi kuma ya rubuta a bango. Nan da nan magana ta bazu cewa famfo za a jawo. Mata suna aiko masa da ruwan sanyi, kowa na roƙon kada a tsallake shi.

Sai dai lambobin ba sa bin layi. Gidan tela tara, na kusa da shi arba'in, masu bene kuwa ko kallonsu ba a yi. Sifiri ya ji abin ya tsaya masa a rai.

"Ranka ya daɗe, me lambar nan take ƙirgawa? Ɗakuna ko mutane?"

"Ba ƙirga take yi ba. Jeri ne, wane kafin wane."

"Kafin wane a me?"

Mutumin ya duba agogonsa, ya yi gaba.

A ƙarshen layi, bakin kwalbati, ya nuna gidan yayar ya ce, "Ɗaya." Tana tsakar gida tana shanya, ta leƙo tana dariya.

"Auta, yau dai na zo ta ɗaya a wani abu! Ka rubuta ta da kyau."

Ya rubuta ta miƙe sambal. Yana goge hannu ya waiwaya, sai ya hango katafila a tsallaken kwalbatin, ana sauke ta daga bayan tirela. Nan ya gane jerin gidajen da za a rushe yake ta rubutawa.

Da yamma ya dawo da farin fenti ya shafe lambar. Kafin ya bushe, jan ya huda ya fito. Ya roƙi yayar ta kwaso kayanta ta koma wurinsa, ta ce a ɗakin nan ta haifi 'ya'yanta, ba inda za ta.

Tun daga ranar Sifiri bai sake karɓar aikin bango ba, kuma bakinsa ya mutu. Katafilar tana nan har yanzu. Kullum da safe direbanta yakan zo ya tayar da ita, ta yi ta ruri har kwanukan gidan yaya su ɗauki rawa, sannan ya kashe ya tafi.