Gidan Gaba a Ɗakin Kawu Ilu

Duk wanda ya taɓa zuwa wajen Kawu Ilu a Limawa ya san sallama kaɗai ba ta shigar da mutum ɗakinsa. Za ka yi sallama, ya amsa maka da kyau, sannan ya ce, "To, danna!" Odar gingimari ce ya kafa a jikin ƙofa, ya haɗa ta da tsohon batir. Har limamin unguwa bai tsira ba. Ranar da ya zo duba shi, ya tsaya yana cewa, "Haba Malam Iliya, da girmana?"

Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, ko gwamna ba ya shiga tasha shiru."

Liman ya danna. Awakin layin suka watse, wata mata ta saki tulunta. Kawu ya ce, "Kai, madalla! Wannan hannu da tuƙi ya kama da ya yi suna."

Kawu Ilu yayan mahaifiyata ne. A kan titi ya ƙare ƙarfinsa, yana jan babbar mota daga Haɗeja zuwa Kudu. Da ido ya yi rauni ya ajiye tuƙi, da matarsa Inna Talatu ta rasu kuma sai ya bar wa 'yan haya cikin gida, ya dawo ɗakin da ke jikin zaure. A nan ya zauna shi kaɗai, ya mai da ɗakin kan mota. Ya kafa sitiyari a bango, ya ajiye kujerar direba a gabansa. A gefe ga kujerar gidan gaba, a bayansu kuma wani dogon benci da yake kira bodi, wato bayan mota inda ake loda kaya. Sauran bangon duk ƙusa ne, kowace da abin da ta riƙe, kowane abu da garin da ya fito.

Ni da furfurata a bodi nake zama. Sau ɗaya na yi kuskuren ɗora jikina a gidan gaba, ya daka mini tsawa. "Kai Sule! Tashi, wurin nan da mai shi!"

Kowa ya san mai shi. Ɗansa ne na fari, Alhaji Nasiru, da ke aiki a Abuja. Kawu bai taɓa kama sunansa ba saboda alkunya, sai dai ya ce "mutumin Abuja". Kuma kada a ɗauki alhakin Alhaji, bai bar uban da yunwa ko rashin magani ba. Sai dai in ya zo da Sallah, a bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe shi, ya leƙa ɗakin mai warin baƙin mai, ya dubi farar shaddarsa, ya ce hanya da nisa. Kawu ya ce, "Allah ya tsare." Washegari ya sake goge kujerar da tsumma, kamar kullum.

Akwai kuma madubin taga. Madubin mota ne ya ɗaure ta waje, yana zaune a kujerarsa yana ganin duk mai tahowa ta layin. Kana cikin sauri za ka ji, "Na gan ka, Hadi! Faka!" In ka faka kuwa, sai an kai ka Shagamu da labari an dawo da kai, ga shayi mara sukari. Malam Hadi tela ya gaji, ya koma zagayawa ta ɗaya bakin layin. Bai yi mako ba Kawu ya ɗaura madubi na biyu. Na ce, "Kawu, wannan fa?"

Ya ce, "Ka taɓa ganin mota da madubi ɗaya?"

Muna dariya a lokacin. Amma akwai ranakun da zan zo bayan la'asar in tarar ya dafa shayin mutum uku, ba wanda ya faka.

Wata shekara Alhaji ya aiko da mai fenti da kujerun kushin, wai a gyara wa Baba ɗaki. Mai fentin ya shigo yana kallon bango ya ce, "Baba, sai an fara kwashe tarkacen nan."

"Tarkace? Kai, wannan hular a Onaca na saye ta uwarka ba ta yi wayo ba! Kuma wane launi ka kawo?"

"Fari ne, Baba."

"Asibiti aka ce maka nan?"

Sai dai Kawu ba ya yarda abu ya tafi a banza. Ya tsare mutumin ya fente masa akurkin kaji ciki da waje. Kushin kuma aka jera a zaure da ledarsu, kyanwar 'yan haya ta samu wurin haihuwa. Ragowar fentin ya ɓoye, har ya ji na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ya ce, "Ashe mun samu marubuci a dangi! Hau benci." Na wuni a kan bencin nan ina zana masa SAI HAƘURI a saman ƙofa, irin na goshin mota. Shi da ba ya karatun boko, ya tsaya a ƙasa yana cewa in ƙara wa harafin tsakiyar nan ƙiba.

Da ciwo ya kwantar da shi bara, Alhaji ya zo da mota zai kai shi asibiti Kano. Ya durƙusa a inda ya saba ya ce, "Baba, a daure a tashi, rana na yi."

Kawu bai dube shi ba, ni ya duba. "Sule, gaya wa baƙonka direba ba ya tashi gidan gaba babu kowa."

Alhaji ya kalle ni, na kalli ƙasa. Can dai ya cire takalmi ya shigo ya zauna. Wani ƙarfe da ya leƙo daga cikin kujerar ya kama shaddarsa, ji kake kyaat! Kawu ya yi dariya har da tari, ya ce, "Yanzu ka zama fasinja." Ya sa na ɗaga shi na zaunar da shi a gaban sitiyari. Ya kama da hannu biyu, ya tashe mu daga Haɗeja, yana nuna ƙusa ɗaya bayan ɗaya yana faɗin garuruwa. Alhaji ya manta da agogonsa. Har idonsa ya kai kan wani ɗan takalmin roba, ƙafa ɗaya, irin wanda direbobi ke ratayewa a gaban mota. Ya ce, "Baba, wannan fa na wane gari ne?"

Kawu ya kau da kai. "Na wani yaro ne. Ya bi ni Legas ba adadi, bai taɓa ce mini hanya da nisa ba."

Alhaji ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita. Ni na fita zaure, na bar su. Sai da aka kira azahar suka fito, Kawu na dafe da kafaɗarsa, shaddar nan a yage har gwiwa.

A Kano Allah ya karɓi abinsa. Ɗalibai sun zo neman hayar ɗakin, Alhaji ya ce a'a, ya kulle ya tafi da mukullin. Ni kuma har yau, bayan la'asar, ƙafata Limawa take kawo ni. In zauna a dakali, in gaisa da Malam Hadi, wanda yanzu ya dawo bin layin.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya haɗa shi da Inna Talatu a inda babu kaɗaici. Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya haskaka shi. Mu kuma da muka rage, Allah ya ba mu masu leƙo mu. Amin.