Shekaru Sha Biyun da Aka Yanke wa Gwaggo Hawawu

A danginmu kowa ya san Gwaggo Hawawu ta ga ranar da Ghana ta samu 'yancin kai da idonta. Tana bisa kafaɗar mahaifinta a Kumasi, ƙafarta ɗaya babu takalmi, tana kuka saboda ƙarar ganguna. Amma fasfonta ya ce sai bayan shekara takwas da wannan rana aka haife ta.

Aikin yayanta Abdul-Fatawu ne. Shi ya riga ta zuwa New York, yana tuƙin tasi, yana bin layin fasinja a filin jirgin JFK. Da mijinta ya rasu, rumfarta ta shinkafa da wake a unguwar Aboabo ta Kumasi ta kasa riƙe yara uku, sai ya aiko a yi mata takardu. Ba ta da takardar haihuwa, kamar yawancin sa'o'inta na zango, don haka abin da aka faɗa wa akawu shi ya rubuta. Ta waya Abdul-Fatawu ya ba da umarni a rage mata shekara sha biyu. Ya ce ƙasar nan ba ta ɗaukar tsofaffi aiki. Ita kuwa siririya ce mai ƙaramar fuska, har dariya ta yi a lokacin, ta ce an mayar da ita budurwa.

Ta sauka a unguwar University Heights ta New York, ta kama aikin kula da tsofaffi a gidajensu: ta ɗaga su daga gado, ta yi musu wanka, ta canza musu ƙunzugu, ta ba su abinci a baki. Da wannan aikin ta karantar da 'ya'yanta a gida, ta aurar da biyu, ta samu takardar zama 'yar ƙasa.

A 2013 Abdul-Fatawu ya riga ya ajiye tasi. Gwamnati na turo masa fansho duk wata, shi kuma yana zaune a ƙofar shagon wani ɗan Nijar yana shan shayi yana gyara wa duniya zama. Shekara uku kacal ya ba ta. A shekarar ne aka tura ta gidan wata malamar makaranta mai ritaya a unguwar Stapleton da ke tsibirin Staten Island, mace mai jiki, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Wata safiya tana juya ta sai ta ji wani abu ya tsinke mata a ƙugu. Ta dafa bango, ta kasa miƙewa. Matar ta dube ta da tausayi ta ce kada ta damu, ita yarinya ce, jikinta zai warke da wuri. Gwaggo ta san shekarun matar, don ita ke karɓo mata magani. Sa'ar Abdul-Fatawu ce.

Ta tambaya, aka faɗa mata: fanshon gwamnati ba ya fara fita sai takarda ta nuna sittin da biyu. Jikinta ya cika sittin, takardarta tana arba'in da takwas. Ta je wurin lauya ko za a gyara. Ya ce ranar haihuwar nan a kanta ta yi rantsuwa ta zama 'yar ƙasa, in ta taɓa ta, komai na iya rushewa.

Daga ofishin lauyan ba ta je gida ba. Ta samu yayanta a ƙofar shagon.

"Yaya, sai na kai saba'in da huɗu ina ɗaga mutane. Ka ji ko?"

"Rage murya mana, Hawawu."

"Rage shekaru ka iya, yanzu kuma murya?"

"Da ban yi haka ba da kina can kina fifita gawayi. Ki gode wa Allah."

"Allah na gode masa. Kai nake tambaya, me ya sa ba ka rage naka ba?"

Ran Lahadi sai ga shi da wani Rabi'u, ɗan Kano mai sayar da inshora, wanda suke sallar Juma'a tare. Ta tuƙa musu tuwo, suka ci, Rabi'u ya buɗe jaka. Mutum ne mai ladabi, shi ma bai san komai ba sai abin da ya gani a katinta.

"Hajiya, ke ai da sauranki. Ki riƙa zubawa duk wata, mu za mu juya miki. Ki manta da kuɗin, nan da shekara sha biyar ki zo ki huta."

"In na buƙace su kafin nan fa?"

"Akwai tara, gaskiya. Tamu da ta gwamnati. Amma me zai sa ki taɓa? Ga ki da ƙarfinki."

"Ku kuma da kuke juyawa, kyauta ne?"

"Ɗan abin da ake cira duk shekara ne, ba za ki ma ji ba."

Abdul-Fatawu ya miƙo mata biro. "Sa hannu, kada ki ɓata wa bawan Allah lokaci."

Biron nan ne ya ƙarasa ta. Mutumin da ya zaɓa mata ranar haihuwa, yau kuma zai zaɓa mata ranar hutu, yana zaune a kujerarta da miyarta a gemunsa. Ta tashi a hankali saboda ƙugun, ta kwashe kwanonin daga gabansu, ta buɗe ƙofa ta tsaya.

"Malam Rabi'u, ka yi haƙuri, kai ba ka yi mini komai ba. Yaya, raka baƙonka."

Yaa ce ta nuna mata wata hanya. Yaa 'yar Asante ce, abokiyar aikinta, wadda ta tashi kusa da zango har Hausa ta zauna a bakinta. A cikin jirgin ruwan Staten Island ta ciro waya ta nuna mata asusun fanshonta na ƙashin kanta, wanda ake kira Roth. Babu dillali a tsakani. Kai ke zubawa, kai ke zaɓar inda kuɗin zai shiga. Abin da ya kama Gwaggo shi ne, abin da ka zuba da hannunka kana iya cire shi duk ranar da ka ga dama, ba tara, ba mai tambayar shekarunka. Ribar ce kawai ke jiran takarda.

"Sista Hawa, ke da kike rigima da mai tumatir a kan kwabo, ki bari wani ya riƙa yankar fanshonki duk shekara?"

Ta buɗe nata. Kwamfuta ta tambayi ranar haihuwa, ta ba ta ta ƙaryar, don ita ce ta doka. Nan take kwamfutar ma ta ba ta shawara irin ta Rabi'u: tana da sauran lokaci, ta zuba kusan duka a hannun jari. Gwaggo ta yi tsaki. Ta je ta tambayi malami, ta kauce wa duk abin da ke biyan kuɗin ruwa. Ta sayi kwando guda na hannun jarin kamfanoni masu yawa, wanda abin da ake cira a kansa bai taka kara ya karya ba. Sauran ta bar shi zaune a asusun, ba ya haihuwa, ba ya ramewa, don ta san ranar buƙatarsa ta fi kusa da yadda kwamfuta ke zato.

Kuɗin zubin kuwa daga wuri ɗaya za su fito. Shekara da shekaru tana ba Abdul-Fatawu wani abu duk wata don benen da ake ɗorawa a gidan gado na Aboabo. Ta daina. Ya hau matakalar gidanta har hawa na huɗu yana haki.

"Gidan ubanmu za ki bari ba rufi?"

"Kai da ke da fansho ka rufa."

"Mutane za su ce Amurka ta canza ki. Kina tara wa kanki ke kaɗai kamar Baturiya."

"Su faɗa. In ƙuguna ya karye, cikin masu faɗar wa zai zo ya juya ni?"

Maganar ta kai Kumasi kafin sati ya zagayo. Wasu suka daina kiranta. A wurin suna mata suka riƙa yin shiru in ta shigo. Ba ta ba kowa haƙuri ba. Duk ranar albashi, kafin ta sayi ko gishiri, sai ta tura na asusun. A ƙarshen 2018 kasuwa ta faɗi, ta buɗe waya ta ga kwandonta ya zube. Abdul-Fatawu ya ji, ya aiko mata da saƙon murya yana cewa bulo dai ba ya narkewa a waya. Ta yini ba ta ci abinci ba, yatsanta na kan wurin da aka rubuta a sayar. Haushinsa ne ya hana ta dannawa, ba sani ba. Ita da kanta take faɗin haka. Bayan 'yan watanni kwandon ya dawo.

Da bazarar 2019 ta shiga ofishin kamfanin da ke tura su aiki, ta ce daga yanzu kwana uku za ta riƙa yi a sati, kuma ba ta ƙara karɓar wanda ba ya iya tsayuwa da ƙafarsa. Giɓin albashin daga asusunta za ta cike shi, kaɗan-kaɗan. Ta lissafa, in ta matse zai kai ta bakin fanshon gwamnati da ƙyar. In ciwo ya shigo, ba zai kai ba.

Talatar farko da ba ta je aiki ba, ta idar da sallar asuba ta koma gado. Hantsi ya yi ta farka a firgice tana laluben takalmin aiki, sannan ta tuna. Ta zauna a bakin gado ta daɗe. Daga baya ta sauka ta sayo kifi, ta soya, ta ci a zaune, da zafinsa, ba ta aika wa kowa ba.