Zoben da Bedi Ya Haɗiye

Ranar jajibirin kasuwar Gangara ce, an gama ɗaurin gero, shekarar da aka sa ni lakol, wato makarantar boko. Baba ya zauna tsakar gida da guntayen rodi. Sana'arsa ke nan da rani, lanƙwasa ƙarfe ya zama zoben bakin guga. A wani kututturen gawo yake naɗa shi, ya bi da rodin a zagaye yana nishi, ya daddaka da guduma, sannan ya zare zoben ta sama. Ran nan kututturen ya dare, ashe gara ta cinye cikinsa. Baba kuwa mutum ne mai gaggawa. Ya nufi bedi, iccen dogon yaron da ke ƙofar gida, ya naɗa rodin a jikinsa har kai ya hau kai. Zobe ya fito tsaf, to amma ta ina za a zare shi, ga rassa a sama?

Inna ta yi dariya har ta jingine taɓarya. "Malam, yau kuma icce ka yi ma awarwaro?" Shi ma ya dara. Da ya saki, ƙarfen ya ɗan ja baya kamar yadda ya saba, ya bar filin da hannuna ke shiga. Ya dube ni ya ce, "Bar shi nan, Hadiza. Kahin iccen ga ya cika shi na dawo." Bayan kasuwa ya hau motar Agadas, ya tafi cin rani.

Ni fa na riƙe maganar nan da gaske. Ko daga rijiya nake ko daga lakol, sai na cusa hannu tsakanin zoben da iccen na auna kafin in shiga gida. Ƙawayena na can suna gaɗa, ni ina gindin bedi, kewa na cin raina. Da hannu ya daina shiga, na koma yatsu. Ruwan wanke-wanken da ake watsa wa bedin ma na riƙa kaiwa bayan danga, don kada ya yi saurin ƙiba. Inna ta gani, ita ma ta daina zuba masa. Saƙon Baba ya yi ta raguwa har ya ɗauke ɗungurungum, wata damina kuma ko tsinke ya ƙi shiga.

Yanzu famfo ya zo garinmu, guga sai jefi-jefi. Bedin ya haɗiye ƙarfen, sai wani kumburi da ya zagaye shi, inda yara ke ɗaure akuya. In na je gida nakan shafa wurin in wuce. Har yau ban iya zuba masa ruwa ba.