Malam Kailani da Faifan Sunan Yanka

Iyalan marigayi Salmanu na Tudun Wada ba su rasa ci ko sutura ba. Muryarsa suka rasa. Ya rasu 'yarsa Jannat tana da wata takwas, yau ga ta a aji biyar, a ajina, ba ta san yadda yake magana ba. Abin da ya bari shi ne kwali guda na faifan bidiyo, na biki da suna da walima, na'urar kunna su kuwa ta daɗe da lalacewa.

Mai aikin ceto tsofaffin faya-fayan bidiyo a unguwarmu shi ne Malam Kailani. Kullum da hantsi yakan buɗe ɗan shagonsa, ya ɗauki faifai ɗaya, ya goge shi da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, sannan ya juye shi a kwamfuta. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ba ya cewa ya gama sai ya kalli abin da ya juye har ƙarshe, ya sa masa suna, ya adana a wuri biyu.

Ni na raka Gwaggo Saratu, yayar marigayin, da kwalin. Faifan sunan Jannat take nema, ta ce sau uku tana dubawa, babu.

"An yar da shi, Malam, ko yara sun yi wasa da shi."

Malam Kailani ya ce, "Gwaggo, mene ne sunanta na yanka?"

Sai ta dafe kai. "Ishatu! Sunan innarmu! Ni da na rangaɗa guɗa a ranar. Kai, tsufa bai yi ba."

"Ba tsufa ba ne, kun ɓoye sunan ne har ya ɓace muku," in ji shi yana dariya. Ya zaro faifan da aka rubuta wa "Sunan Ishatu", wanda ta sha ɗagawa tana ajiyewa, a zatonta na maƙwabta ne.

Faifan duk ya kakkarce. Kwana uku yana lallaɓa shi kafin ya juyu.

Malam Kailani, kai ne mai tambaya kafin a fid da rai. Tun ranar kake rubuta suna biyu a kan kowane bidiyo, na yanka da na kira. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Jama'a, mu fito da namu faya-fayan tun suna karantuwa, mu kuma koyi wannan haƙuri a namu ayyukan.

Da aka kunna wa Jannat a wayar Gwaggo, sai ga Salmanu riƙe da jaririya, yana cewa, "Sunan Inna ba zai fita a bakina ba. Jannat zan riƙa ce mata."

Ta sa aka maimaita, sannan ta dube ni.

"Ashe Baba ne ya sa mini Jannat."